Zaɓen sana'ar fasaha a Maraɗi: bi sawun mai biya kafin ka biya kuɗin lakwal

Duk shekara idan sakamakon BEPC da na bak ya fito, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidajen Maraɗi: wane fanni ne ke ci yanzu? Amsar da ake samu yawanci ta ji-ta-ji-ta ce. Wannan ya ce kwamfuta, wancan ya ce man fetur, wani kuma ya ce yaro ya karanci duk abin da ya samu, daga baya a jira konkur. Da haka ake zuba kuɗin shekara biyu ko uku, yaro ya fito da takarda a hannu, ya koma zaman fada. Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: idan ka ƙware a wannan aikin, wa zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya ba ka, sau nawa a wata, kuma me zai sa ya kira ka bai kira wani ba?

Masu biya a jiharmu kashi uku ne. Akwai gwamnati, wadda ke ɗauka ta hanyar konkur ko kwantiragi, kuma gurabenta ba su taɓa kama ƙafar yawan masu fitowa daga makarantu ba. Akwai kamfanoni da ƙungiyoyin agaji, masu albashi mai kyau amma na ɗan lokaci, domin aikinsu na tafiya ne da kuɗin furoje. Wannan ƙofar ta ƙara tsukewa tun 2025, lokacin da Amurka ta rufe mafi yawan ayyukan hukumarta ta USAID. Na uku su ne jama'ar gari: ɗan kasuwa, mai shago, mai garka, mai gidan burodi, mai asibitin kuɗi, magidanci mai gini. Waɗannan ba sa ba da albashi, amma kullum suna da abin da ya lalace ko abin da za a kafa. Maraɗi garin kasuwanci ne, saboda haka kashi na uku ya fi sauran biyun faɗi nesa ba kusa ba. Shawararmu ita ce ka zaɓi fannin da aƙalla biyu daga cikin masu biyan nan uku ke buƙata. Mai aikin lantarki yana iya shiga Nigelec, yana iya yi wa ƙungiya aiki, yana iya buɗe shagonsa. Wanda fanninsa ofis ɗaya tal ke ɗauka, idan ofishin bai buɗe guraben aiki ba, shi ke nan ya tsaya.

Inda kasuwa ta karkata

Wutar rana ce a gaba. Dalilin a fili yake. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa, ta Maraɗi kuma ta layin Katsina take biyowa. Da aka yanke ta a watan Agusta 2023 sakamakon takunkumin CEDEAO, masu shaguna da masu gidaje suka ga abin da dogaro da layi ɗaya ke jawowa, kuma ko da wutar ta dawo a 2024, wanda ya riga ya ɗanɗana fanon rana bai koma baya ba. Gwamnati ma can ta nufa: tashar Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023.

Sai dai a lura, masu ɗaura fano sun riga sun yi yawa. Waɗanda suka yi ƙaranci su ne masu iya lissafi da masu gano ciwo idan kayan sun ƙi aiki. Ga misalin lissafin da ke raba su. Gida yana da ƙwai 4 masu wat 10 da ake kunnawa awa 6, wato 240. Fanka 2 masu wat 60 na awa 8, wato 960. Talabijin mai wat 80 ta awa 5, wato 400. Jimla wat-awa 1,600 a rana. Zafi da ƙura da waya da na'urar juya wuta suna cinye kusan kashi 30 cikin 100, don haka a raba da 0.7, a samu kusan 2,300. A raba wannan da awa 5 na rana mai ƙarfi, ya ba da wat 460, sai a sayi fano na wat 500. Batir kuma: 1,600 a raba da bolt 12 ya ba da amfiya-awa 133, amma batir na dalma ba a zuƙe shi fiye da rabi, don haka a ninka, a ɗauki guda biyu masu 150. Idan aka haɗa su a bolt 24 maimakon 12, ƙarfin wutar da ke bin waya zai sauka daga amfiya 42 zuwa 21, wayar ba za ta yi zafi ba. Fano ya kalli kudu, a karkace shi kamar digiri 15, a riƙa goge shi musamman lokacin hunturu da buji ke sauka.

Abin da ke lalata aiki a nan sananne ne: siririyar waya don a rage kuɗi, haɗa sabon batir da tsoho, ajiye batir a ɗakin kwano mai zafi, da ƙara firigo a kan kayan da aka auna don ƙwai da fanka. Batir na dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa duk lokacin da zafin wurin ya ƙaru da digiri 10 a kan 25, kuma kowa ya san abin da watan Afrilu da Mayu ke yi a Maraɗi. Mai gida ba ya ganin waɗannan, abin da ya sani shi ne batir ya mutu cikin wata takwas, sai ya ce kayan rana ƙarya ne. Matashin da zai iya zuwa da na'urar awo ya nuna masa inda matsalar take, ya gyara, shi ne ba zai rasa kira ba. Batiran litiyom da na'urorin da ke haɗa wutar Nigelec da ta rana suna ƙara shigowa, kuma saita su yana buƙatar mai iya karanta littafin na'ura, wanda galibi da Turancin Ingilishi yake zuwa.

Kusa da wannan akwai aikin sanyi: firigo, injin ƙanƙara, na'urar sanyaya ɗaki, ɗakin ajiyar magani. Kasuwarsa tana tashi daga Maris zuwa Yuni ta lafa da sanyi, don haka mai wannan sana'a ya haɗa ta da lantarkin gida don watannin Disamba da Janairu. A nan ma ilimi ne ke raba mutane. Wanda ya zuba gas ba tare da ya fara zuƙe iska da laima daga bututu da injin zuƙa ba, ya sayar wa mutum gyaran wata biyu. Gas ɗin R600a da ke cikin sababbin firigo yana kama wuta, ba a kusantar da harshen walda gare shi sai an tabbatar an fitar da shi. Kuma yawancin kwamfuresa, wato injin da ke tura gas a firigo, da ke ƙonewa, raunin wuta ne da saurin sake kunnawa bayan ɗaukewa ke kashe su, abin da jinkirin minti biyar ko ƙaramar na'urar kariya ke magancewa.

Na uku shi ne ruwa. Noman rani a Jiratawa da gefen Gulbin Maraɗi da Madarunfa yana komawa kan famfo mai aiki da rana, haka ma rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka. Mai wannan aikin dole ya san zurfin ruwa, tsayin da za a tura shi zuwa tanki, da yawan da rijiyar ke iya bayarwa a awa. Famfon da ya fi ƙarfin rijiya yana zuƙe ta ya ci gaba da juyawa babu ruwa, ya ƙone. Mutanen da suka haɗa sanin famfo da sanin lantarki ƙalilan ne a gundumomi irin Dakoro da Mayahi da Tasawa, kuma sau da yawa sai an ɗauko mai gyara daga birni. Wanda ya yarda ya zauna a can yana da kasuwar da babu cunkoso.

Gini bai tsaya ba, unguwanni irin Zariya da Ali Ɗan Tsoho sai ƙara faɗaɗa suke yi. Magina akwai su. Abin da ake nema shi ne mai karanta zanen gini, mai fitar da adadin siminti da ƙarfe kafin a fara, mai awon fili, da mai sa waya bisa ƙa'ida: waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 don ƙwai, 2.5 don wurin jona kaya, na'urar kariya mai miliamfiya 30, da sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don ya zubar da wutar da ta ɓalle. Manyan ayyuka kamar layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, ko bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin da ya fara aiki a 2024, ko matatar SORAZ ta Damagaram, suna ɗaukar masu walda da makanikai da masu awo. Amma kada wani ya gina rayuwarsa a kan aiki guda irin wannan. Lokacin gini ne ake ɗaukar mutane da yawa, idan an gama sai a riƙe kaɗan. Ka koyi waldar da za ta ciyar da kai a Sabon Gari, idan babban aiki ya zo ya same ka da hannu.

A ɓangaren sadarwa, gyaran salula ya cika da mutane a matakin canza gilashi da wurin caji. Kuɗin yana wurin mai iya aiki a kan allon cikin waya da madubin ƙara girma. Sannan akwai jan wayar intanet a ofisoshi da makarantu, kafa kyamarar tsaro a shaguna da ɗakunan ajiya, da raba intanet a unguwa, abin da ya ƙaru tun da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a ƙasar a 2025. Ƙananan abubuwa ne ke kayar da masu wannan aikin: wayar sadarwa ta tagulla ba ta wuce mita 100, kuma kayan da aka ɗora a kan rufi babu sandar ƙasa, tsawar farko ta damina ke tafiya da su.

Aikin ofis kuwa ya rabu biyu. Buga takardu kawai, da sakatariya irin ta da, suna mutuwa, domin kowa yana rubutu a wayarsa, manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma suna tsara wasiƙa cikin daƙiƙa. Abin da ke raye shi ne lissafin kuɗi da kula da kaya. Manyan ƴan kasuwar da ke fitar da aya da riɗi da wake, ko ke shigo da kaya ta Ɗan Isa, suna juya miliyoyi, da yawansu kuma a littafi da ƙwaƙwalwa. Matashin da ya san SYSCOHADA, wato tsarin lissafin kuɗin kamfanoni da ake bi a ƙasar, ya iya Excel sosai, ya san yadda ake cike takardun haraji da na duwan, kuma aka shaide shi da amana, yana da wurin zama. Haka kamfanonin aika kuɗi irin Nita da Amana da Al Izza, da ƙungiyoyin da ke tattara bayanai da manhajar KoboToolbox. Fannin lafiya ma yana da buƙata, amma a nan ne aka fi samun makarantun da takardarsu ba ta kai ko'ina, sai a yi hattara sosai.

Ka auna kasuwar da ƙafarka

Duk abin da muka faɗa a sama hoto ne na gaba ɗaya. Kafin ka yanke shawara, ware mako biyu ka yi naka binciken. Zaɓi fanni uku, kada su wuce haka. A kowane fanni ka ziyarci masu sana'ar biyar, ka je da safe lokacin da aiki ke shigowa, ka gaida maigida da ladabi, ka nemi izinin zama. Kada ka tambaye shi nawa yake samu, ba zai faɗa ba, kuma tambayar ba ta dace ba. Ka tambaye shi wane aiki ne ake kawo masa yana mayarwa saboda babu mai yi, wane wata ne kasuwa ke mutuwa, wane kayan aiki ne ya fi tsada, kuma yaran da ya yaye suna ina yanzu. Amsar tambaya ta farko ita ce zinariyar binciken: aikin da ake mayarwa ko ake aikawa Kano ko Yamai, shi ne gurbin da ke jiran mutum.

Bayan haka ka juya wajen masu biya. Tambayi masu shago goma wa suke kira idan firigo ko wuta ta lalace, kwana nawa suke jira, kuma me ya fi ɓata musu rai. Za ka ji abu ɗaya yana maimaituwa: saɓa alkawari da canza kaya mai kyau da marar kyau. Sannan ka leƙa ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, da allunan sanarwa na ƙungiyoyi, ka kwafi tallan aiki ashirin na watannin baya. Rubuta takardar da kowanne ke nema, shekarun gogewa, manhaja, lasin tuƙi, da harshe. Idan goma sha biyu cikin ashirin sun ambaci abu ɗaya, ka san abin da za ka koya ke nan, ko makarantarka tana koyar da shi ko ba ta koyarwa.

Wace hanya ce ta dace da matakinka

Wanda karatunsa ya tsaya a firamare ko bai yi nisa a kwaleji ba, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, da kwalejojin fasaha na CET masu kaiwa ga takardar sana'a ta CAP. Mai BEPC yana iya neman lise na fasaha na Ɗan Kasawa da ke nan Maraɗi, ko cibiyar da ke kaiwa ga takardar sana'a ta BEP. Mai bak C ko D ko na fasaha yana da sashen fasaha na IUT na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, inda ake karanta fasahar gini da lantarki da injuna, ko tsangayar noma da muhalli ta wannan jami'ar, ko makarantar ma'adinai da masana'antu ta EMIG a Yamai. Hukumar FAFPA kuma tana tallafa wa horon gajeren lokaci da koyon sana'a a wurin aiki, yana da kyau a riƙa bibiyar sanarwarta.

Ra'ayinmu a nan ba ɓoyayye ba ne: ga mafi yawan matasa, karatun shekara biyu na fasaha tare da aikin hannu kowace yamma ya fi dogon karatun da babu taɓa kaya. Wanda ke da ƙarfin lissafi da halin ci gaba har injiniya, ya ci gaba, ƙasar tana buƙatarsa. Amma ko shi, hutunsa ya ƙare a wurin gini ko a garaji.

Idan makarantar kuɗi ce, kada a biya ko dala sai an yi abubuwa huɗu. A nemi ganin takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar da abin ya shafa, kuma a duba ko sunan fannin da kake so yana cikinta, domin makaranta na iya samun izinin fanni biyu tana koyar da shida. A tambaya ko ɗalibanta suna zama jarrabawar ƙasa, kamar ta diflomar fasaha ta BTS na gwamnati, ko takardar gida kawai take bayarwa, wadda ba a karɓa a konkur. A shiga ɗakin gwaji ranar da ake darasi a ƙirga ɗalibai nawa ke kan na'ura ɗaya. Idan sun haura biyar, kallo za ka yi ba koyo ba. Sannan a nemo tsofaffin ɗalibai uku da kanka, ba waɗanda makarantar ta zaɓo maka ba.

Iyaye su yi lissafin nan tare da yaron. A ce makaranta jaka 300 ce a shekara, shekara biyu jaka 600, ban da abinci da sufuri. Mafi ƙarancin albashi a hukumance jaka 42 ne tun Janairu 2024. Idan aikin farko bai wuce haka da yawa ba, kuma ana iya ajiye jaka 10 a wata, sai an shekara biyar kafin kuɗin ya dawo. Wannan ba ya nufin kada a yi karatun. Yana nufin a raba kuɗin: kashi ɗaya na makaranta, kashi ɗaya a ɓoye don kayan aiki. Gidaje da yawa suna ƙarar da komai a kan takarda, yaro ya fito ba shi da ko na'urar awon wuta.

Zama a wurin maigida

Ko da takarda ko babu, hannu a wurin maigida yake nuna. Zaɓi wanda aiki iri-iri ke shigo masa, wanda kuma aka san ya yaye yara suka tsaya da ƙafafunsu. Uba ko kawu ko yaya ya kai ka, a yi magana a gaban shaida: tsawon zaman, lokacin zuwa da tashi, ko akwai kuɗin abinci, abin da za a koya a wata shida na farko, da ranar da za a zauna a duba. Abin da ke lalata koyon sana'a shi ne rashin wannan maganar. Yaro ya shekara uku yana aike da share shago, maigida yana ganin bai isa ba, shi kuma yana ganin an tauye shi, a rabu babu daɗi.

Ka riƙe littafi. Kowane aiki ka rubuta alamar ciwon, abin da aka auna, abin da aka samu, abin da aka canza. Ka ɗauki hoto kafin gyara da bayansa, da izinin mai kaya. Bayan shekara ɗaya wannan littafin da hotunan sun fi kowace takardar shaida magana a gaban mai ɗaukar aiki. Kayan aiki kuma a saye su ɗaya bayan ɗaya tun ana koyo. Mai lantarki ya fara da na'urar awo mai kyau, da mai maƙala wa waya don auna amfiya, da sukurdireba masu rufin roba, da filaya, da injin huda bango. Kada a yi arha a kan na'urar awo da kayan kariya. Kafin taɓa waya a kashe wuta, a auna, a sake aunawa. Batir ma yana narkar da ƙarfe idan sifana ta haɗa kawunansa biyu.

Idan ka fara karɓar aikin kanka, rubuta takardar ƙiyasi kafin ka taɓa komai, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban. Tunda yawancin kaya daga Kano da Katsina suke zuwa kuma canjin naira da sefa ba ya zama wuri ɗaya, ka rubuta cewa farashin na mako ɗaya ne. Ka karɓi kuɗin kaya kafin aiki. Cikin kuɗin hannu ka sa man babur, da katin waya, da lalacewar kayan aiki: kayan jaka 150 da za su yi shekara biyu suna cin sefa 6,250 kowane wata, ko ka lissafa ko ba ka lissafa ba. Masu sana'a da yawa suna aiki dare da rana, ranar da injin ya mutu kuma babu kuɗin sabo, saboda wannan lissafin ne ba su yi ba. Lokacin da ka fara hangen kwangilar ƙungiya ko ta ma'aikata, sai ka yi rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF, domin babu ofishin da zai biya ka ba tare da su ba.

Neman aikin albashi

Ka haɗa dosiye tun kafin a yi sanarwa: takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, kwafin difloma da aka buga wa hatimi, da katin ANPE. Takardar shaidar rashin laifi wata uku take yi, don haka a bar ta sai an ga sanarwar. Takardar tarihin aiki kada ta wuce shafi biyu, kuma ta faɗi abin da hannunka ya yi da adadi: gidaje nawa ka sa wa waya, famfo mai ƙarfin nawa ka kafa, kayan shago nawa ka riƙe lissafinsu. Mai digiri ya yi hidimar ƙasa ta shekara biyu a wurin da ya dace da fanninsa, ko da ya fi nisa, maimakon ofishin da ke kusa da gida inda zai zauna babu aikin yi. Duk wanda ya ce ka aiko da kuɗi don a ba ka aiki ko a sa sunanka, ɗan damfara ne. Idan an ɗauke ka, nemi kwantiragi a rubuce da lambar CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata. Idan rigima ta taso, ofishin sufeton ƙwadago ne wurin kai ƙara, kuma abin da ke rubuce ne zai yi maka shaida.

Harshe ma jari ne. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma na aiki. Ɗan Maraɗi yana da Hausa da Faransanci, iyaka kuma tana kusa da shi. Idan ya ƙara Ingilishin da zai karanta littafin na'ura ya yi ciniki a Kano, ya fi takwaransa na kowane ɓangaren iyakar. Aikin intanet daga gida, kamar rubuta manhaja ko zane ko fassara, yana yiwuwa, amma sai da wuta tsayayya, da hanyar karɓar kuɗi daga waje, da watanni na aiki kafin a ga riba. A fara shi a gefe, kada a saki abin da ke hannu.

Ga ƙannenmu mata, akwai guraben da maza ba sa iya cikewa. Gidaje da yawa ba sa son namiji baƙo ya shiga cikin gida gyaran wuta ko firigo, mata da yawa kuma ba sa son miƙa wa namiji wayarsu mai ɗauke da hotunan iyali. Macen da ta iya gyaran salula ko ƙananan kayan lantarki tana da kasuwar da ke jiranta, ban da lissafin kuɗi, awon jini, haɗa magani da tattara bayanai. Jarin farawa kuma yana iya fitowa daga asusun mata irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar nan a 1991. Abin da ya kamata iyaye su tabbatar shi ne wurin koyon mai mutunci ne, da sauran mata a ciki, kuma an tsara lokacin tashi kafin magariba.

Wanda ya riga ya yi digiri a fannin da ba ya ci, ba sai ya koma farko ba. Ya duba wace ƙwarewa ce ta wata shida zuwa tara za ta hau kan abin da yake da shi. Mai digirin labarin ƙasa ya ƙara manhajar taswira ta QGIS da awon fili. Mai tattalin arziki ya ƙara Excel da manhajar lissafi ta Sage. Mai ilimin noma ya ƙara famfon rana da ban ruwa na ɗigo, ya nemi sitaj a cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ko wajen manoman Jiratawa. Mai kimiyyar lissafi ko fizik ya shiga lantarki, lissafin da ke wahalar da wasu shi a wurinsa aikin minti goma ne. Ya sa wa kansa wa'adi: idan bayan wata tara babu wanda ya biya shi ko sau ɗaya a kan sabuwar ƙwarewar, ya koma wajen masu shagon nan goma ya sake tambayarsu abin da suke nema.